In Sabuwar Ta Amsa

Ana gab da magariba Falalu ya jingine babur ɗinsa a ƙofar ofishin wata ƙungiyar manoma da ke bayan garin Gwiwa. An fara yayyafi. Ma'aikata duk sun tashi, sun bar masa makulli a ƙarƙashin dutse.

Aikin ba mai wuya ba ne. A ɗakin ƙurya akwai tsohuwar uwar na'ura, wadda 'yan sana'ar ke kira saba, ita ke riƙe da bayanan ƙungiyar. Zai kwashe duk abin da ke cikinta ya zuba a kwantena. Ba kwantenar ƙarfe irin ta bakin kasuwa ba. Wannan ba ta da jiki, a cikin wata babbar na'ura take can nesa, sai dai a leƙa ta ta kwamfuta ko waya. Falalu ya iya aikinsa, wannan kam ko maƙiyinsa ya shaida. Tausayi ne ba a raba da shi ba.

Ɗakin na warin waya mai zafi. Fankar na'urar na gurnani. Ya jona kwamfutarsa, kwafi ya fara tafiya.

Sai ya ji wani siririn kuka. A bayan na'urar, inda iska mai ɗumi ke fita, 'ya'yan kyanwa ne a dunƙule, ko ido ba su buɗe ba. Da wani ne sai ya nemo musu kwali. Falalu ƙafa ya sa, ya turo su har bakin ƙofa, ya shure su cikin kwatar da ruwa ke gudu. Kukan bai daɗe ba.

Yana komawa kan kujera ya ji warin jiƙaƙƙen gashi. Wata doguwar mace ce tsaye a ƙofa, mayafinta na ɗiga. Ba ta yi sallama ba.

"Malam, me kake yi wa na'urar nan?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

Ya ɗauka mai shara ce, shi kuwa ba ya wuce damar nuna sani.

"Ƙaura nake mata, baiwar Allah. In kwafe ta tsaf, in zuba a wani wuri. Sabuwar ba ta ma san ita kwafi ce ba."

"Tsohuwar fa?"

"Sai in kira sabuwar. In ta amsa, tsohuwa ta gama amfani, sai a kashe."

Ya danna, sabuwar ta amsa. Ya miƙa hannu ya kashe tsohuwar. Fanka ta yi shiru, sanyi ya shigo ɗakin.

"Na gode," in ji matar. "Ka koya mini sana'a."

A fuskar kwamfutar wata kwantena ta biyu ta fito. Ba shi ya yi ta ba. An sa mata suna: Shahida.

Sunan ƙaramar 'yarsa ke nan.

Daga cikin kwamfutar numfashin yarinya ke fitowa, har da 'yar murar da ya baro ta da ita da safe.

"Kira ta," matar ta raɗa.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa Kaltume ce daga Kazaure, tana kuka.

"Abban Ahmad, Shahida ta faɗi tana cikin wasa, jikinta ya yi sanyi. Na kira, na kira, ba ta motsi. Ga shi na kara mata wayar a kunne. Kira ta, kai take ji."

Ya buɗe baki, sai ya gane: in ta cikin kwamfutar ta amsa, ta gida ta gama amfani. Ya cije harshe har ya ji gishirin jini.

Ya danna makunnin tsohuwar na'urar. Shiru. Ya sake dannawa.

"Kira ta mana. Wane irin uba ne kai?" in ji Kaltume ta waya.

Ya kai yatsa zai goge kwantenar. Ɗigon ruwa ya sauka a wuyansa. Matar na bayansa, bai ji takunta ba.

"Goge," ta ce. "Sai mu ga wadda za ta gogu."

Ya janye hannu.

"Ni ba na sauri, Malam. Da duk sunan da ka kira ta, a nan za ta amsa."

Bai san yadda ya fita ba. Babur ya tashi da ƙyar. Siririn kukan nan ya biyo shi ta cikin kwata, ta cikin gonakin gero, bai rabu da shi ba sai da ya hango fitilun Kazaure.

Ya tarar da Shahida ta farfaɗo, tana shan kunu a cinyar uwarta. Ta miƙo masa hannu. Ya ɗauke ta, ya rungume ta.

Daga ranar bai ƙara kiranta ba, ko da sunan wasa. Ya fasa kwamfutar, ya yi ta sauya waya, amma kowace ya kunna sai ya tarar da kwantenar a ciki tana numfashi. Maƙwabta suka ce kunyar 'yar fari ce, alhali ita ce ta uku. Kaltume ba ta yafe masa ba. Yarinyar ma ta daina rugowa yi masa oyoyo, wannan kuwa ya fi komai ci masa rai.

Wata ranar kasuwa, bayan an sa ta a makaranta, ya hango ta daga tsallaken titi. Ta saki hannun yayanta Ahmad, ta nufo kwalta a guje. Ga babbar mota ta taho da buhunan hatsi. Ya yi nisa, gudu ba zai kai shi ba.

"Shahida!"

Ta tsaya cak. Motar ta wuce, ko gefen hijabinta ba ta taɓa ba.

"Na'am, Abba," muryar ta amsa da murna, daga cikin aljihunsa.

A tsallaken titi, gwiwoyin yarinyar suka fara lanƙwashewa a hankali.