Tazarar Yatsu Uku

Ranar Litinin, ranar kasuwar ƙauyenmu da ke bayan garin Barshid a Maroko, Nazha ta tsaya gaban rumfar Anwar mai sayar da iri ta zazzage masa 'yar jaka a kan tebur. Karas ne sirara kamar tsinken sakace, wasu sun nannaɗe juna.

"Wace cuta ce wannan? Ba ni maganinta."

Anwar ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, sannan ya dube ta. Kallon ya ɗan zarce na ciniki.

"Ba cuta ba ce, Lalla, cunkoso ne. In sun tsiro sun kai tsawon yatsa, a jiƙa ƙasa, a cire na cirewa, a bar faɗin yatsu uku tsakanin kowane tsiro da ɗan'uwansa. Wa ya shuka?"

"Babana, Si Larabi."

"Af! To Allah ya ba ki haƙuri."

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Kafin ta bar rumfar ya karɓi lambarta, wai don ya ji yadda lambun zai kasance.

Kowa ya san maganar Si Larabi: abin da Allah ya tsirar, hannun ɗan Adam ba ya tumɓuke shi. Shekara talatin yana watsa iri ba awo a lambun bayan gidansa, karas ɗinsa kuma su fito kamar damtsen jariri. Har a masallaci ana kafa hujja da shi. Mutanenmu in magana ta yi daɗin faɗi, ba sa tsayawa tambayar ko gaskiya ce. Amma tun rasuwar matarsa Lalla Zuhur, shekara biyu ke nan, karas suka tsumbure. Ya ce albarkar ta bi ta kabari. Shi ma ya shiga ramewa, ga hawan jini.

Saƙon Anwar na farko ya zo washegari: "Lalla Nazha, ya masu jiki?"

Ta mayar: "Suna nan a cunkushe, Malamin Karas."

Bayan wata biyu saƙonnin sun canza launi: "Barewata, yau na auna wa wani irin albasa a madadin na tumatir. Ke za ki ba shi haƙuri."

Mahaifiyarsa ta zo neman aure da dunƙulen sukari, kamar yadda al'adarmu take. Si Larabi ya karɓa, ya zuba shayi, ya ce zai yi tunani. Zuciyarsa tana ga ɗan ƙanensa Abdullatif mai tasi, wanda ko cewa aka yi rana ta fito daga yamma, zai ce, "Gaskiyarka, Baffa."

Da sanyi ya fara shigowa, Si Larabi ya shuka fangali biyu da ragowar irin da Lalla Zuhur ta adana da hannunta. Shi ke nan na ƙarshe. Suka tsiro a cunkushe kamar gashin goshi. Nazha ta kasa sukuni. In wannan ma ya lalace, ba ta san abin da zai rage wa tsohon ba.

Ta rubuta: "Anwar, tsoro nake ji. In na bari su mutu a tsaye, in na taɓa ya ce na ci amanar Mama."

"Kada ki taɓa sai da izininsa, zumata. Mu lallashe shi."

Ba ta iya jira ba. Ranar Juma'a yana fita masallaci ta tsugunna a fangali ɗaya, tana aunawa da yatsu tana cirewa. Ta gama ke nan aka sauko. Anwar ya biyo da dashen na'ana'a da ya yi mata alkawari, ya ga tulin tsiro a ƙasa.

"Nazha! Me kika yi?"

"Taya ni kwashewa, yana hanya!"

Ya duƙa ya cika hannu biyu. A haka Si Larabi ya same shi, Abdullatif na biye.

Tsohon ya dafa bango. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Wa ya yi wannan?"

Nazha ta buɗe baki, Anwar ya riga ta. "Ni ne, Baba."

"La ilaha!" in ji Abdullatif. "Tun bai shigo gida ba, Baffa?"

"Wanda ya tumɓuke mai rauni don ƙaƙƙarfa ya ji daɗi," Si Larabi ya ce a hankali, "ranar da 'yata ta yi rauni ita ma zai tumɓuke ta. Fita."

Kafin la'asar an mayar da sukarin gidan su Anwar.

Mako uku Nazha tana auna jinin mahaifinta safe da yamma, kullum ta ce yau zan faɗa, sai ta ga awon ya hau ta fasa. Shi kuwa ko kallon fangalin ba ya yi. Saƙonnin Anwar suka ɗauke. Ta ɗauka ya gaji da ita, har sai da saƙonsa ya shigo:

"Na ji dangin Abdullatif za su zo neman aurenki ranar Lahadi. In shi kika zaɓa, ba zan tone komai ba. Allah ya sa alheri."

Ta mayar tana kuka: "Kai ka yi ƙarya, ni na yi shiru, yanzu kuma kana sa mini albarka? Ba na son albarkarka, kai nake so."

Ranar Asabar da safe ta tafi wurin Gwaggo Mubaraka, yayar mahaifinta, ta kwance mata komai. Tsohuwar ta ajiye tankaɗe, ta yafa mayafi.

"Tashi. Wannan maganar ta girme ki."

Suka same shi a bakin lambu. Nazha ta durƙusa.

"Baba, ni na cire. Anwar ma hana ni ya yi. Ka yafe mini."

Ya zuba mata ido, jijiyar goshinsa ta tashi. Kafin ya yi magana Gwaggo ta zauna a kan bokiti.

"Larabi, kana tsammanin me zomayena suka ci duk shekarun nan? Kowace Litinin ta watan tsiro, kana kama hanyar kasuwa Zuhur take ɗaura zani ta shiga nan. Kaɗan-kaɗan take cirewa don kada ka gane, ni ina kwashewa ta katanga."

"Ƙarya kike, Yaya."

"Ni da furfurata? Je ka duba wanda yarinyar ta taɓa."

Ya daɗe kafin ya tashi. Ya tona gefen tsiro ɗaya da yatsa, sai ga kan karas ja, ya kusa kaurin ɗan yatsansa. Ya tona a ɗaya fangalin, zare ne kawai.

"Me ya hana ta faɗa mini?"

"Ta faɗa, shekararku ta farko. Ka yi kwana uku ba ka ci kuskus ɗinta ba. Sai ta bar maka maganarka, ta riƙe aikinta."

Ya share ido da hannun jallabiya. "Amma yaron nan ƙarya ya yi mini a cikin gidana."

"Matarka ma ta yi maka, ka kuma yi ƙiba da ita."

 Tsohon ya yi ta kallon fangalin da ya rage, mai cunkoson. Ya miƙa hannu kamar zai cire ɗaya, ya janye.

"Ni ba zan iya ba," ya ce. "Nazha, jibi Litinin zan tafi kasuwa. Ba na dawowa sai la'asar. Ki ce wa wancan maƙaryacin ya rufe rumfa ya zo ya taya ki, Gwaggonki na zaune. Mahaifiyarsa kuma ta zo Alhamis."

Abdullatif da ya ji an fasa zuwan Lahadi, sai ya ce, "Gaskiyarka, Baffa."

Aka ɗaura aure bayan an tone karas. Ranar kai amarya Si Larabi ya kama hannun Nazha ya sa cikin na Anwar, ya riƙe su tare ya ƙi saki.

"In ka ga ta yi gaskiya, ka ce mata ta yi gaskiya tun tana jin ka," ya ce. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a tagari, ya bar ku tare."

Gida ya ɗauki amin, mata suka rangaɗa guɗa.