Muryar da Haisam Ya Naɗo a Bakin Kogi

Kyari mai gyaran rediyo da kwamfuta ne a Gashua, kuma yana da wata al'ada da duk gidan suka sani. Da ya dawo daga shago bayan la'asar, sai ya tada ɗan janareto, ya shige ɗakin zaure ya kunna gem ɗin ƙwallo a kwamfuta. Ba son wasa ba ne. Magidanci mai 'ya 'yar shekara tara, ina shi ina gem? Muryar ƙaninsa Haisam yake zuwa ji.

Haisam yana cikin samarin nan da ba sa barin gem yadda masu shi suka ƙera shi. Shi da abokansa na intanet, wasu a Kano, wasu a ƙasashen da bai taɓa takawa ba, kowa sai ya haɗa nasa ƙarin, wanda suke kira faci, a ɗora wa gem ɗin. Wannan ya yi riguna, wancan ya zana fili. Shi Haisam sharhin wasa ya yi da Hausa. Ya ɗauki rikoda ya tafi filin bakin kogi, inda yara ke buga ƙwallo har rana ta faɗi, ya yi ta zuba sharhi cikin ihunsu. Kwana uku da ɗora shi a kwamfutar gida, tun bai tura wa kowa ba, mota ta kife da su a hanyar Nguru, Allah ya yi wa Haisam rasuwa. Shekara biyu ke nan.

To, ran wata Laraba, ana gab da kiran magariba, Kyari ya ci ƙwallo, gem ya daskare. Hoto ya tsaya cak, amma sauti bai tsaya ba. Muryar Haisam ta ɗauke, ihun yara ya janye a hankali, sai wata 'yar siririyar murya ta rage ita kaɗai, tana kira, tana kira, ba a jin abin da take faɗa. Kyari ya fizge waya daga soket. Wallahi sai da sifikar ta ƙara numfashi biyu kafin ta yi shiru.

Sai dutse ya sauka a kan kwano. Ya leƙa lungu, ba kowa. Na biyu ya faɗo tsakar gida kusa da matarsa Huseina, jiƙe sharkaf da laka, alhali ba a yi ruwa ba tun wata biyar.

Mai gyara ne, ya san ƙa'idar aikin. Idan faci ya ɓata gem, cire su ake yi ɗaya bayan ɗaya, ana gwadawa, har a kama mai laifin. Faci bakwai ne a kai. Ya cire na riguna, gem ya daskare. Ya cire na fili, ya daskare. Ya cire na ƙwallo, na tutoci, na sunayen 'yan wasa, na alƙali. Kowane gwaji da magariba, kowane gwaji da ruwan duwatsu. Na bakwai kuwa, na Haisam, bai taɓa shi ba. Ya ce zafi ne, ya sa wa kwamfuta fanka. Ya ce janareto ne, ya sake fulogi. Ƙarya yake yi wa kansa, kuma ya sani sarai.

A rana ta huɗu 'yarsu Mardiyya ta daina magana. Yarinyar da ke cika gida da surutu! Ta buɗe baki, ba abin da ke fita. Rana na yin ja sai ta je ta manna kunne a bangon zaure, hawaye na zuba, fuskarta kamar ta tsohuwa. Abinci ma sai an ɗura mata.

Da aka kwana tara Huseina ta tare shi a bakin ƙofa. "Baban Mardiyya, ni ban san me ke cikin akwatin nan ba, amma kai ka sani. 'Yata na ƙarewa a gabana. Ka tafi Nguru ka ɗauko Goni."

Goni Gaji tsoho ne mai ƙarancin magana, wanda ya shekara arba'in yana wa masu iska karatu. Ya iso da la'asar sakaliya, ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka zaunar da yarinyar. Ya fara karatu a hankali. Inuwa ta cika ɗakin. Kaji suka shige akurki ba wanda ya kora su. Can sai wuyan Mardiyya ya sandare, bakinta ya buɗe, muryar babbar mace ta fito, a dishe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Uwa ce. A bakin kogi muke, tun kafin a share filin nan."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Ɗana ne ya fita kallon ƙwallon yaranku. Aka ci, ya yi ihu tare da su, mai rikoda ya kwashe har da muryarsa. Tun ranar bai ƙara cewa uffan ba. Shekara biyu ina bin gida-gida ina saurare, sai yanzu na ji shi a ɗakin nan. Na riƙe muryar 'yarsu. Su riƙe tasa, mun yi musaya."

"Ba a wannan musayar a gabana," in ji Goni. "Zalunci ne, kin kuma san hukuncinsa. Idan aka sakar miki ta ɗanki fa?"

"In saki tasu, in tafi, ba za ku ƙara jina ba. Na rantse da wanda ya halicce ni da ku."

Goni ya juyo. "Kyari, ana iya ware muryar ɗanta daga ta ƙaninka?"

Kyari ya girgiza kai. Ya riga ya gwada, dare da rana ya gwada. "Allah ya gafarta Malam, ba a iyawa. Naɗi ɗaya ne. In an goge, duka za su tafi. Kuma babu wani kwafi a duniya."

"To."

Ya kunna kwamfutar. Ya buɗe wurin da fayil ɗin yake, ga sunan nan yadda Haisam ya rubuta shi. Sai ya dubi 'yarsa, ya yi wa wadda ke cikinta magana.

"Baiwar Allah, ki bar ni in ji shi sau ɗaya. Sau ɗaya tak."

"Duk kunnawar da ka yi, maƙogwaron ɗana jini yake fitarwa. Ka ji naka sau ɗari bakwai. Kana so ka ƙara?"

Kyari ya zaɓi fayil ɗin, ya ba da umarnin gogewa. Huseina ta rufe fuska da mayafi. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna.

Mardiyya ta sulale a kan tabarma kamar an zare mata ƙashi. Daga bayan katanga, ta wajen kogi, wata 'yar murya ta ƙwala kira, "Inna!" Wata ta amsa da kuka. Sannan ladan ya ɗaga murya.

Yarinyar ta buɗe ido. "Baba, ƙishi nake ji."

Shi da kansa ya ɗebo ruwan, ya riƙe mata kofi har ta shanye, ya yi hamdala da zuciya ɗaya. Goni ya ja su sallah. Da aka sallame kowa ya tashi, Kyari ya zauna a wurin, ya rufe ido, yana neman yadda Haisam yake jan murya idan ƙwallo ta shiga raga. Kalmomin suna nan, bai manta ko ɗaya ba. Amma duk yadda ya juya su a ransa, da muryarsa shi Kyari suke fitowa.