Na'urar da Ta Yi Barcin Magariba

Da la'asar sakaliya Abdulmannan ya shiga kwalekwalen Baba Inuwa, jakar kwamfuta a kan cinyarsa. Za su duba na'urar auna ruwa da aka kafa a kan dandamalin ƙarfe cikin fadama, can bayan Guri, kusa da wani ƙauye da sunansa ya kuɓuce mini yanzu. Aikinta ɗaya ne: in kogi ya taso ta busa jiniya, mutanen ƙauyen su gudu tudu. Ga ruwa an ce yana tafe, ita kuwa ta yi shiru.

Abdulmannan, injiniyan da ke kula da ita, shi ne ya taɓa ta. Batirinta ƙarami ne, don haka ƙwaƙwalwar na'urar takan yi barci in ba ta da aiki, ta rage cin wuta. A can cikin zuciyar manhajar akwai ɓangaren da ke tsara wannan barcin, direba suke ce masa. Tsohon injiniyansu, Oga Elisha, mutumin Filato, ya rubuta shi da tsawo da kwane-kwane: gyangyaɗi, barci mara nauyi, barci mai nauyi, kowanne da sharaɗinsa. Da Elisha ya yi ritaya, Abdulmannan ya share tarkacen, ya bar hali biyu kawai, ko farke ko barci mai nauyi. Aikin ya yi tsaf, batir ya ƙara daɗewa. Cikin abin da ya share har da wasu layuka da ke hana ta barci daga faɗuwar rana zuwa isha. Bai ga amfaninsu ba.

"Injiniya, ashe ƙarfe ma yana barci?" in ji Baba Inuwa, yana tura kwalekwalen cikin ciyawar kacalla.

"Yana yi, Baba. Ya ma fi ka."

"Ni dai ban da magariba. Kakata da muciya take tashinmu. Takan ce jiki ɗaki ne, in mai shi ya fita a wannan lokacin, masu wucewa sai su shiga."

Abdulmannan ya yi dariya.

Rana ta yi ja sanda suka iso. Ruwa ya riga ya shanye rabin tsanin dandamalin. Abdulmannan ya hau, ya buɗe akwatin na'urar. Ma'aunin wuta ya nuna ba ta cin komai, amma ƙarfen da ɗumi, kamar yanzu kaza ta tashi daga kansa. Ya kira Elisha a waya.

"Oga, ta ƙi farkawa."

"Ka taɓa layukan magariba?"

"Na share su."

Elisha ya ce, "Masunta ne suka roƙe ni na sa su, bayan abin da na gani. Ɗana, mayar da tsohon direban. Kuma a tsaye za ka yi. Kada ka zauna."

Wayar ta katse.

Ya jona kwamfuta, ya fara tura tsohon direban. Kwaɗi suka yi shiru gaba ɗaya. Sauro ma suka daina kuka. Ƙarnin kifi ya taso, haɗe da warin taɓon da ya daɗe bai ga rana ba.

Sai ya ji numfashi. Daga bakin jiniyar yake fitowa, a hankali, irin na mai barci.

"Baba," ya ce ƙasa-ƙasa, "kai ne?"

"Kada ka amsa kowa," in ji Baba Inuwa daga ƙasa. Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu.

Numfashin ya tsaya.

"Kai ka buɗe mana ɗaki," in ji wata murya mai laushi. "Madalla. Amma ya yi mana kaɗan."

Barci ya faɗo wa Abdulmannan kamar buhun shinkafa. Babu hamma, babu gyangyaɗi.

Ya zauna.

Allon kwamfutar yana jiran ya danna maɓalli ɗaya. Hannunsa ya ƙi tashi. Ruwa ya taɓa tafin ƙafarsa.

Wasu yatsu masu sanyi, jiƙaƙƙu, suka sauka a kan fatar idonsa, suna rufe ta.

Ya ciji harshensa. Jini ya cika masa baki.

Ya danna.

Jiniya ta tsaga fadamar. Wani abu mai nauyi ya fice daga akwatin, ya goge kafaɗarsa, ya faɗa ruwa tsundum. Baba Inuwa ya finciko shi ta wuyan riga, ya tuƙa bai waiwaya ba.

Mutanen ƙauyen sun kai tudu kafin ruwa ya ci gidajensu. Direban nan har yau yana nan da tsawonsa, ba mai taɓa shi.

Abdulmannan kuwa, da zarar rana ta faɗi, matarsa Bushira takan riƙe hannunsa su yi ta zagaya tsakar gida, tana ja masa hira har a kira isha. Wata rana ta makara a maƙwabta. Ta same shi kwance, matashinsa sharkaf da ruwan kogi. Ta kasa kunne a ƙirjinsa, ta ji mutum biyu suna numfashi.