Kek Ɗin Da Ba Sukari

"Christy! Wai ƙamshin me nake ji haka a gidan nan, kek ko miya?"

Mama Asabe ce ta leƙo daga ɗaki tana ɗaura ɗankwalin zuwa coci. 'Yarta Christy na durƙushe a tsakar gida tana fifita garwashi, idonta ya yi ja saboda hayaƙi.

"Kek ne Mama."

"Kek da albasa? Kek da attarugu? To ni dai ban taɓa ji ba tunda uwata ta haife ni!"

Kaduna ce ta shekarar alif ɗari tara da tamanin da huɗu, lokacin da masaƙun Kakuri ke raye, jiniya na kuka da safe ka ga kekuna sun cika titi har ba wurin taka ƙafa. A Tudun Wada kuwa, unguwar su Christy, gida ɗaya za ka tarar da mai zuwa coci da mai zuwa masallaci suna aron turmi. Wanda bai ga Kadunan nan ba, ba abin da za a faɗa masa ya yarda. Sai dai shekarar ta zo da tsanani: sukari, madara, fulawa, sabulu, duk sai an yi dogon layi cikin rana kafin a samu, wani lokacin ma a dawo hannu biyu.

Gashin kek ɗin ma ba da oben ake yi ba. Tsohuwar tukunyar ƙarfe ce za a zuba wa yashi, a jera gwangwanayen madara a kai, a rufe, a ɗora garwashi bisa murfi. Abin da Christy ta zuba a gwangwanayen shi ne ya ɗaure wa uwarta kai. Ba fulawa, ba sukari. Tunkuza ce ta shanya ta daka ta zama gari, ta fasa ƙwai, ta sa man shanu da ɗan bekin foda, ta goga cukun da ta sayo wurin Buzaye, sannan ta yayyanka albasa da attarugu ta barbaɗa gishiri.

"Kuma ga kwalin sukarin da surukarki ta aiko can ko buɗe shi ba ki yi ba," in ji Mama Asabe. "Ke yarinya, kin san gidan da za ki kai abin nan kuwa?"

Ta sani sarai. Gidan su Ishaku ne a Barnawa, malamin sakandaren da suka shekara biyu suna son juna. Mahaifiyarsa, Mama Rebecca, duk kudancin gada ba wanda ya kai ta iya kek. Bikin aure, zumuntan mata, Kirsimeti, nata ake ci. Tana da doka guda wadda ba ta taɓa sassautawa ba: duk yarinyar da za ta shigo gidanta sai ta gasa kek ta kawo ran Lahadi, a sa wa maigida, Baba Filibus, ya cinye farantinsa tas a gaban kowa, sannan a yi maganar tura manya. Matan yayyen Ishaku duk ta nan suka bi. Don kada a ce ta tsananta, ita da kanta ta sha layi ta samo sukari ta aika wa Christy.

Akwai abin da Mama Rebecca ba ta sani ba. Christy nas ce a kilinik ɗin masaƙar da Baba Filibus ke kula da sito. Watan da ya wuce ya zo yana kukan ƙishirwa da yawan fitsari, ga rama. Likita ya auna shi ya ce ciwon sukari ne, kuma ya yi nisa, ya bar zaƙi da fulawa in yana son ransa. Da likita ya fita, tsohon ya dubi Christy.

"'Yata, ki rufa mini asiri. Samuel, wan mamarku Rebecca, wannan ciwon ne ya kashe shi, sai da aka yanke masa ƙafa. Ta kusa zaucewa. Ga hawan jini tana fama da shi. Tun da muka yi aure kullum da yamma kek ɗinta nake ci da shayi. In ta ji, cewa za ta yi ita ta kashe ni da hannunta. Ko Ishaku kada ki faɗa wa, ba ya iya ɓoye mata komai. Ki ba ni lokaci, zan san yadda zan gaya mata."

Ta yi masa alkawari. Tun daga ranar yake naɗe kek ɗin yamma a hankici ya kai wa maigadin masaƙa. Amma na ran Lahadi, a gaban kowa, ba hankicin da zai cece shi. Shi ya sa Christy ta yi ta gwaji har ta samo wanda zai ci ba tare da ya cutu ba.

Bayan an taso coci Ishaku ya ɗauko ta a babur, yana ta zolayarta a hanya.

"Madam nas, yau dai za ki sha intabiyu. Kada ki damu, ni na riga na ba ki maki ɗari."

Falon ya cika da yayye da matansu. Christy ta durƙusa ta gaida kowa, ta ajiye kwanon a gaban Mama Rebecca. Sai kuma ta yi abin da ya ƙara dagula lamarin. Don kada a ce ta cinye kayan mutane, ta fiddo kwalin sukarin ta ajiye a gefe.

"Mama, ga wannan, ban yi amfani da shi ba."

Mama Rebecca ta dubi kwalin, ta buɗe kwanon, ta gutsuri kek ɗin ta kai baki. Fuskarta ta canza nan take.

"Gishiri! Barkono! Ke, ƙosai na ce ki kawo mini?"

"Mama, na ga kamar..."

"Kin ga kamar me? Na tsaya a rana tun safe har ƙafata ta kumbura don in samo miki sukari, ki dawo mini da shi a gaban 'ya'yana? Nawa ne bai kai ki taɓa ba, ko koya mini sana'ata kika zo yi?"

Christy ta ɗaga kai ta dubi Baba Filibus. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Shi kuwa bawan Allah ya sunkuyar da kai yana cin nasa, ya ce a hankali, "Ai da daɗi, Rebecca." Iyakar abin da ya iya ke nan. Mutumin kirki ne, amma gaskiya ranar tsoro ya fi ƙarfinsa.

"Da daɗi a bakinka! To ku ji da kyau, ba manyan da za su taka Tudun Wada. Yarinyar da ta raina ni tun tana waje, in ta shigo a kaina za ta zauna!"

Ishaku ya mayar da ita har ƙofar gidansu. Ya kashe babur ya juyo.

"Haba Christy! Me ya sa? Kin iya kek, na sha ci. Me ya kai ki?"

"Ishaku, plis, ka yarda da ni. Ina da dalili."

"To faɗa mini dalilin."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba? Ni ne fa! Shi ke nan, ki sake gasa wani mai sukari ran Lahadi, ki ce mata sori, magana ta wuce."

"Haƙuri zan ba ta ko sau nawa ne. Amma mai sukari kam ba zan kai gidanku ba."

Ya daɗe yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba. "Ashe Momi ta fi ni saninki," ya ce, ya tayar da babur ya tafi.

Ta shiga ɗaki ta faɗa kan gado ta yi kuka har muryarta ta dishe. Tana son Ishaku, so na gaske, kuma tana ji tana gani yana suɓuce mata a kan maganar da ba tata ba. Uwarta ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce taurin kan ubanta ne ta gado. A coci matan zumunta suka riƙa nuna ta da baki. Ishaku ya ɗauke ƙafa. Da yamma in ta ji ƙarar babur sai ta leƙa, ta ga ba shi ba ne.

Duk da haka ba ta daina gashin ba. Ta lura Baba Filibus yana zuwa aiki da yunwa, don ya rage tuwo ya bar burodi, ba kuma wanda ya san ya tanadar masa wani abu. Sai ta riƙa tashi da sassafe ta gasa 'yan kek ɗin cukun, ta miƙa masa a bakin get kafin jiniya. Kullum sai ya karɓa yana kauda ido.

"'Yata, na cuce ki. Wannan satin zan faɗa mata."

"Ba komai Baba. Ka dai riƙa shan maganinka."

Satin ya wuce, wani ya bi bayansa, har damina ta ja baya.

Mace mai gasa kek ba a ɓoye mata ƙamshi. Mama Rebecca ta fara jin warin cuku da albasa a aljihun rigar mijinta in za ta yi wanki. Rannan ta zazzage aljihun, ɓarɓashi ya zubo, ta gane shi sarai. Washegari mijin yana fita ta yafa gyale, ta tasa Ishaku a gaba ta ce ya kai ta Kakuri ya ga halin wadda yake ramewa dominta.

Suna isa kuwa suka tarar Christy cikin fararen kayan aiki tana miƙa wa Baba ƙullin. Ma'aikata na ta shiga da kekunansu. Mama Rebecca ta diro tun babur bai gama tsayawa ba.

"Lalle yarinya! Kin raba ni da kwanciyar hankalin ɗana, yanzu kuma mijina kike ciyarwa a bayan idona? Me kike zuba masa a ciki? Jama'a ku zo ku gani!"

Mutane suka fara taruwa. Christy ta durƙusa a ƙasa, hawaye na zuba, ta ce, "Ki yi haƙuri Mama." Ishaku ya ce, "Christy, ki yi magana mana! Don Allah ki yi magana!" Ta girgiza kai kawai.

Baba Filibus ya dubi yarinyar nan durƙushe cikin ƙura a gaban abokan aikinta, an zage ta an tara mata jama'a, amma ta ƙi fallasa shi. Kunya ta rufe shi.

"Rebecca, ya isa! Ciwon Samuel ne ya kama ni. Likita ya hana ni sukari da fulawa tun kafin ranar Lahadin nan. Ni na roƙe ta ta yi shiru, don ina tsoron abin da zai same ki. Da ta gasa abin da kika ce, da dole in cinye shi a gabanki. Ta zaɓi ta rasa ɗanki da ta cutar da mijinki, ni kuma na zauna ina kallo kamar ba namiji ba."

Mama Rebecca ta zauna a bakin kwalbati. "Kek ɗina na yamma fa?" ta tambaya da ƙyar.

"Maigadi ke ci."

Sai ta fashe da kuka. Christy ce ta fara isa wurinta, ta riƙe ta tana duba bugun hannunta, tana cewa, "Mama, ba irin na Kawu Samuel ba ne, an gano da wuri a kan nasa. In aka kula da abincinsa zai daɗe." Ishaku na tsaye gefe ya rasa inda zai sa fuskarsa. Da suka haɗa ido ya ce, "Christy, ki yafe mini." Ta ce, "Kai Mama gida tukuna."

Ran Asabar da hantsi Mama Asabe na shara sai ga sallama. Mama Rebecca ce, ɗauke da kwanon ƙwai a kanta, matar da ba ta taɓa zuwa gidan kowa neman koyo ba. Bayan gaisuwa ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna gaban murhu.

"'Yata, zo ki nuna mini. Tunkuzar nan yaya ake shanya ta?"

Christy ta kasa riƙe hawaye. Suka kwaɓa tare, suka jera gwangwanaye a yashi. Da ya gasu Mama Rebecca ta ɗanɗana, ta ɗan yatsina fuska ta ce, "Albasa ta yi yawa, gobe za mu rage." Sannan ta juya wurin Mama Asabe. "Ran Lahadi manyanmu na nan tafe. In kun hana mu ita ma ba mu da bakin magana, amma muna roƙo."

An ɗaura aure kafin Kirsimeti. Baba Filibus ya rayu da ƙafafunsa biyu har ya goya jikoki a bayan kekensa.

'Yan mata da samari, ku ɗauki darasi. Kada ku yi saurin yanke wa masoyi hukunci don ya ce muku yana da dalilin da ba zai iya faɗa ba. Mai riƙon amana yakan sha zagi, amma Allah ba ya barin haƙurinsa ya tafi a banza. Ku kuma iyaye, ɓoye ciwo ba tausayi ba ne, wani kuke ɗora wa nauyinsa. Baba Filibus har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kiran Christy suruka ba, duk inda ya gabatar da ita cewa yake, "Ga 'yata ta fari."