Tokar Kujerar Baya

Sunan garin ya kuɓuce mini. Wani lokaci in ce Malumfashi, wani lokaci in ce Funtuwa. Yawon neman karatu ya kai ni wurare da yawa, kuma yanzu kan ya zama kwando. Launin motar ma na manta. Abin da ya rage shi zan ba ku, yadda na ji daga bakin Yaya Nomau, ɗan wan mahaifina, ran da ya zaunar da mu a tabarma bayan lisha, ya rage murya.

Ɗinkin kujerun mota ne sana'arsa. Wata rana 'ya'yan wani mamaci suka jawo masa tsohuwar fijon ubansu. Ta daɗe a ajiye a gindin tsamiya, har tayoyinta sun nutse a ƙasa. So suke a sabunta cikinta, su riƙa tunawa da tsohon.

Ya kwance kujerun. Ya farke tsohuwar leda da reza, don ya yanka sabuwa a kanta. Kujerar baya ce ta ba shi mamaki. An taɓa cusa mata audugar rimi, kuma audugar da ɗumi. Ta yi ɗan gurbi a tsakiya, kamar inda kaza ta kwanta. Ya ce ɓeraye ne. Ya kwashe ta, ya kai bayan rumfa, ya zuba kananzir. Sauri yake yi. Bai yi bisimilla ba. Bai ce a gafara ba, yadda ake faɗa kafin a zubar da ruwan zafi. Ya ƙyasta ashana kawai.

Ya ji wata ƙara siririya. Ta yi, ta ɗauke.

Washegari da tsakar rana, maƙwabtansa duk sun gudu inuwa. Ya gama kujerar bayan, ya jingine ta a rumfa. Sai ga sallamar mace. Doguwa ce, ta lulluɓa har goshi.

"Sannu da aiki, mai ɗinki."

"Yauwa, Hajiya. Aiki aka kawo?"

"Cigiya nake."

Ta zauna a kan sabuwar kujerar. Soson sabo ne fil, ko kyanwa ta hau sai ya lotsa. Yaya Nomau ya duba. Bai lotsa ba. Ledar ko motsi ba ta yi ba.



Ta ce, "Audugar da ke ciki. Ina ka kai ta?"

"Na ƙona, baiwar Allah."

"Ka yi magana kafin ka sa wutar?"

Ya girgiza kai.

"Da ka yi, da ɗana ya farka. Ba shi da nauyin barci."

Almakashi ya faɗi daga hannunsa.

"Unguwa na je," in ji ta. "Na ce ya kwanta har in dawo. Mai motar ya san da zamanmu. In zai buɗe ƙofa sai ya ƙwanƙwasa tukuna."

Ba ta ɗaga murya ba. Yaya Nomau ya ce da ma ta yi ihu, da ya fi masa sauƙi.

"Kana da ɗa?"

'Ya ɗaya gare shi, wadda ya samu bayan dogon jira, lokacin ta fara tafiya ke nan. Ya buɗe baki zai ce babu.

"Ladidi," ta ce. "Tana wasa a bakin murhu yanzu. Uwarta ta shiga ɗaki ɗauko gishiri."

Ya zube a gabanta.

"Ni na yi. Ni za ki ɗauka. Don Allah."

Ta miƙe tsaye.

"Tashi. Ɗinki za ka yi mini."

Ta nuna ragowar ledar da ke ƙasa. Ya hau keken ɗinki ya ɗinka 'yar jaka. Suka zaga bayan rumfa. Ya durƙusa yana kwasar tokar da tafin hannu.

"A hankali," in ji ta. "Can ma akwai saura. Kada ka bar mini shi a ƙasa."

Ya kwashe tas, ya ɗinke bakin jakar da basilla. Ta karɓa da hannu biyu. Ta sunkuya, ta ɗora ta a baya, ta ɗaure da zane yadda ake goyo. Har ta ɗan jijjiga.

Ya ce, "Ki yafe mini."

"Ban iya ba tukuna. Amma wuta ta ci ɗaya. Ya isa."

Ta bi ta bayan matattun motoci. Bai ga inda ta ɓulla ba.

Da gudu ya isa gida, ba takalmi. Ya tarar da Ladidi ta yi barci a bakin murhu, lafiya lau. Ya ɗauke ta yana kuka, matarsa na tambayar ko lafiya.

Da ya kawo nan a labarin sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, duk abin da ya daɗe a ajiye, kada ku ɗauka kango ne. Ku yi sallama. Ku jira. Kada ku cinna wuta ku kaɗai, baki a rufe. Har ya bar duniya ban ƙara jin dariyarsa da ƙarfi ba.

Wannan na ƙarshen kuwa ban manta ba, don da idona na gani. Bayan rasuwarsa na bi ta garin da Ladidi ke aure. Na same ta tana suyar ƙosai. Garwashi ya gangaro daga murhu, jajir. Ta sa yatsu ta ɗauke shi, ta riƙe har ta gama gaishe ni, sannan ta mayar. Na ce ta buɗe hannun. Ko tabo babu.

"Haka na tashi, Baffa," in ji ta. "Wuta ba ta taɓa ƙona ni ba."