Motar da Ba Ta Taɓa Yin Tsere Ba

Ranar Juma'a da azahar, ana yayyafi mai laushi, aka kira 'yan sanda cewa mota ta ɓace daga wani garejin tsofaffin motoci a unguwar Tottenham da ke London.

Sufeto Abdul-Razak ya iske mai garejin, wata tsohuwar Baturiya, Madam Elvira, tsaye a inda motar take kwana. Ta miƙa masa hoto. Mota ce kamar azurfa, gabanta a zagaye, bayanta ya tsuke kamar ɗigon ruwa.

"Mahaifina ya ƙera ta a Italiya kafin Yaƙin Duniya na Biyu," in ji ta. "Da guduma ya lanƙwasa jikinta don iska ta zame a kanta. Ana shirin kai ta tsere yaƙi ya ɓarke, aka ɓoye ta cikin ciyawar dawaki. Har ya mutu ba ta yi tseren ba. Gobe za a zuƙe mata mai, a rufe ta cikin gilashi a gidan tarihi."

Sufeto ya dubi ƙasa. Ga takalma baƙaƙe an jera su tsaf, kamar a ƙofar ɗaki.

Makullin gareji yana hannun mai gadi, Fusena, 'yar zangon Kumasi, unguwar Hausawa. Tana zaune tana murza bakin mayafinta.

"Ƙanwata, wa kika buɗe wa?"

"Ban ga kowa ba, Ofisa."

"Takalman wa ne?"

Ta kalli rufi.

"An ce Litinin kina da appointment a ofishin shige da fice na Croydon. In sunanki ya shiga wannan case, takardar zamanki ta tafi. Kin sani?"

"Na sani," ta ce a hankali.

Wayar Sufeto ta yi ƙara. An ga motar a bakin Kogin Lea, hancinta cikin shinge. Shi da Madam Elvira suka nufi can.

Hazo ya kwanta a kan ruwan, motar tana tsaye cikinsa kamar kifin da ya fito shan iska. Sufeto ya leƙa ciki. A kan abin takawa na tsakiya akwai sawun yatsun ƙafa.

"Totur ɗinta ne a tsakiya," in ji Madam Elvira tana shafa inda hancin motar ya lotse. "Wanda ya ɗauke ta ya zaci birki ne."

"Wa kika sani yana tuƙi ba takalmi?"

Ta girgiza kai. Amma Sufeto a zango ya tashi, ya sha ganin masu yin haka.

Ya sami Baba Saani, mai wanke motocin garejin, a bayan masallaci. Tsohon direban babbar mota ne daga Kumasi zuwa Bawku. A ƙafarsa silifas ɗin alwala ne, ɗaya shuɗi ɗaya ja.

"Baba, ina wuni? Ina kake da azahar?"

"Nan, ɗana. Sahun farko."

"Ina takalmanka?"

"An sace. Masallacin London ma ya lalace."

"Ɓarawon ya jera maka su a gareji. Mai ladabi ne."

Baba ya yi 'yar dariya.

"Yarinyar nan ta ƙi faɗin sunanka," in ji Sufeto. "Yanzu ita zan rufe."

Tsohon ya runtse ido.

"Kada ka taɓa ta. Ni na ce ta buɗe, kuma ba ta iya musa wa babba. Maigidan da ya koya mini tuƙi ya ce ba a taka totur da takalmi, ƙafa sai ta ji numfashin inji. Na cire, na manta." Ya numfasa. "Kullum ina goge ta, ina jin kamar tana roƙona. An haife ta don gudu, za a binne ta ba ta gudu ba. Ɗana, da ta kama hanya, iska ba ta tare mu ba, buɗe mana ta yi. Na ga hanyar Bawku, na ga jar ƙasa. Sai ga shinge."

Sufeto ya buga waya ya ce a sallami Fusena, ita shaida ce kawai. Sannan ya riƙe hannun tsohon har bakin motar 'yan sanda, ya buɗe masa ƙofar baya.

Baba Saani ya tsaya yana kallon kujerar.

"Tun da na fara tuƙi ban taɓa zama a baya ba," ya ce. Ya yi bismillah, ya shiga.