Kwallin Ranar Juma'a

Da safiyar Asabar Nusaiba tana durƙushe a gaban maigidanta tana zuba masa kunun gyaɗa, sai ta ga ya miƙa hannu ya wuce kofin, ya ture kwanon ƙosai.

"Yaya, lafiya? Ko barcin ne bai sake ka ba?"

Tijjani bai yi dariya ba. Ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya dube ta, ya buɗe, ya sake rufewa.

"Nusaiba, da idon dama fuskarki kawai nake gani. Daga wuyanki zuwa ƙasa babu komai, kamar an ja baƙin labule."

"Inna lillahi! Yana maka ciwo?"

"Ko kaɗan. Haka na tashi da shi."

Ko amarci ba su gama ci ba. Tijjani ya haura arba'in kafin ya yi aure, domin sai da ya gama ɗawainiyar ƙannensa bayan rasuwar mahaifinsu. Nusaiba kuwa malamar firamare ce daga Unguwar Kanawa, ita ta ce ta ji ta gani, duk da danginta suna cewa ya yi mata girma. Gida ɗaya suke zaune a Unguwar Rimi da mahaifiyarsa Hajiya Uwani da autarta Rashida, kowa da sashensa.

Da gudu Nusaiba ta kira Hajiya. Tsohuwar ta riƙe haɓar ɗanta, ta juya fuskarsa wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Ido garau, ba ja, ba kwantsa, a ce ba ya gani? Wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne." Ta ƙara matsawa. "Wannan baƙin na gefen idonka fa?"

"Kwalli ne, Hajiya."

"Kwalli?" Rashida ta dafe ƙirji. "Yaya da kwalli? Tun da nake ban taɓa gani ba!"

"Ni na sa masa jiya," in ji Nusaiba. "A gidanmu haka muka taso, duk Juma'a sai Babanmu ya sa kafin ya tafi masallaci. Tsarabar gwaggona ce daga Madina."

"Wace gwaggon? Wadda ta ce ɗana ya tsufa ranar da muka kai lefe?"

Sai a lokacin Nusaiba ta gane inda maganar ta dosa. Ta shiga ciki ta ɗauko tandun kwallin, ta zizara shi a idanunta duka biyu a gabansu. Hawaye suka kwaso baƙin suka gangaro mata har haɓa.

"Ga shi, Hajiya. In da cuta a ciki, ta fara da ni."

Hajiya ta taɓe baki. "Wanda ya gina rami ai ya san inda zai taka."

Nusaiba ta juya ga mijinta, tana jiran ko kalma ɗaya ce. Tijjani ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Hajiya, a bar maganar nan." Bai ƙara komai ba. Wannan shirun ya fi maganar Hajiya ƙona mata rai.

"To mu je asibiti," ta ce tana shessheka.

"Ba asibitin da za a je!" Hajiya ta daka mata tsawa. Ta saci kallon ɗanta, shi ma ya kalle ta, kowa ya kau da kai da sauri. Nusaiba ta ga wannan kallon, ta ajiye shi a zuciyarta.

Daga ranar aka hana ta taɓa abincinsa. Rashida ce take kawowa daga sashen Hajiya, ta tsaya a kansa har ya gama. In Nusaiba ta shanya kayansa, sai ta tarar an sake wanke su. In ta doso falo, sai magana ta mutu a bakin mutane. Wani mai magani ya zo ya turara ɗakin, ya leƙa ƙarƙashin katifa, ya tafi yana girgiza kai. Ita kuma abu ɗaya yake ci mata rai: uwar da ko tari ɗanta ya yi sai ta rikice, me ya sa take gudun likita? Shi kuma me yake ɓoyewa da ba ya iya haɗa ido da ita?

Ba ta kai ƙara gidansu ba. Da Hajiya ta aiko Rashida ta ce mata, "Anti, sori fa, an ce ki je gida ki ɗan huta," sai ta sa hijabinta, ta je ta durƙusa a gaban surukarta.

"Zan tafi, Hajiya. Alfarma ɗaya nake roƙo: a kai shi likita ya duba, ke ma ki zo ki ji da kunnenki. In ya ce hannuna ne, daga can zan wuce Unguwar Kanawa, ba za ki ƙara ganina ba. Ido ɗaya ya rage masa, Hajiya. In wannan ma ya tafi fa?"

Tijjani yana bakin ƙofa yana ji. Ya ce da wata murya da ba a saba ji daga gare shi ba, "Za mu je."

A asibitin ido da ke hanyar Mando aka auna jininsa, aka ɗiga masa magani. Likitar, wata mace mai natsuwa, ta daɗe tana haska cikin idon. Nusaiba ta ɗora tandun a kan tebur, ta ce, "Likita, don Allah wannan zai iya jawo haka?"

"Kwalli a waje yake tsayawa. In marar kyau ne zai sa ƙaiƙayi ko ja. Wannan matsalar a can bayan ido take. Akwai jijiyar da take kai gani zuwa ƙwaƙwalwa, ƙananan hanyoyin jini ne suke ciyar da ita. Jinin ne ya gaza isa, sai wani ɓangarenta ya lalace. Shi ya sa babu ciwo, kuma yawanci da safe ake tashi da shi." Ta juya ga Tijjani. "Malam, jininka ya hau sosai, sugan ma haka. Ka san kana da su?"

Ya ce, "Na sani."

Nusaiba ta juyo ta zuba masa ido.

"Kana shan magani?"

"Na daina tun kafin biki."

"Wa ya ce ka daina?"

Daga bayansu wata murya ta ce a karye, "Ni ce." Hajiya ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska. "Dangin yarinyar nan suna ta cewa ya tsufa. Na ji tsoro su zo jere su ga ƙwayoyi a ɗaki, su ce mun ba 'yarsu majinyaci. Na ce ya bari har amarci ya wuce, ina jiƙa masa tafarnuwa."

Likitar ba ta ɓoye musu ba: abin da ya tafi da wuya ya dawo duka, tabarau ma ba zai gyara ba. Aikin da ke gabansu shi ne tsare ɗaya idon, da magani a kan kari, da kula da abinci, da zuwa awo.

A mota Nusaiba ta matsa kusa da mijinta, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ka bari aka kira ni mai asiri, Yaya."

"Ban tabbata shi ne ba, amma zuciyata ta raya mini. In na buɗe baki na tona uwata, in na yi shiru na cuce ki. Sai na zaɓi cutar wadda na san za ta iya haƙuri. Ki yafe mini."

Ta juya fuskarta wajen tagar motar.

Suna isa gida suka tarar da Umar, wan Nusaiba, a ƙofa, ya kifa hula, rai a ɓace. Ashe tun da safe Rashida ta buga masa waya ta ce su zo su ɗauki 'yarsu.

"Shiga mota, Nusaiba! Ba a kan titi aka tsince ki ba. Baba ya ce in ji laifin da kika yi. Me likitan ya ce?"

Hajiya ta daskare a jikin motar. Kalma ɗaya ta isa Unguwar Kanawa ta san an ɓoye musu ciwon ango, aka kuma ɗora wa 'yarsu sharri. Nusaiba ta dubi tsohuwar. Ta dubi mijinta, wanda yake laluben dakalin ƙofa da ƙafa.

"Jijiyar ido ce, Yaya Umar, jini ne bai isa ba. Jarrabawa ce daga Allah. Hajiya kuma firgita ta yi, ka san uwa. Ka gaida Baba, ka ce ina ɗakina."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Hajiya ta fashe da kuka, ta cafko hannun Nusaiba ta ƙanƙame. "Umar, ba shi ke nan ba! Ka gaya wa Malam mahaifinku ni Uwani zan zo da ƙafata in faɗa masa abin da na yi. 'Yarsa ta rufa mini asiri, ni kuwa ba zan kwana da haƙƙinta ba!"

Ta kuwa je, ta faɗa, aka yafe. Idon dama bai dawo daidai ba, amma na hagu Allah ya tsare shi, kuma da shi Tijjani ya ga fuskar 'yarsu ta fari ranar da aka haife ta. Hajiya ce ta hana kowa yi wa Nusaiba wankan jego, ta ce ita za ta yi wa 'yarta.

Ciwo ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne yake jawo asara. Zargi kuwa ba ya warkar da majinyaci, sai dai ya ƙara masa da mutuwar aure. Wadda ta samu damar ramawa ta zaɓi rufin asiri, Allah ba ya barin ta ta wulaƙanta.